Hoto Uku a Jere, Labari Ne

Yau zan ɗan jingine labarin da muke ciki, mu taɓa wata magana da ta shafi bangon littafi, wato adon nan na zirin fim da ake yi wa hotuna a kwamfuta. Duk wanda ya saba sayen littattafanmu na Kano ya san shi: baƙin ziri mai ƙananan huji sama da ƙasa, an jera hotuna uku ko huɗu a cikinsa. Har a kalandar biki da sitika za ka gan shi.

Asalinsa fim ɗin kyamarar da muka taso muka tarar, wanda ake kaiwa wanki kafin a ga hoto. Faɗin zirin milimita 35 ne, kowane hoto yana cin milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, da huji 8 a samansa, 8 a ƙasansa. Hujin nan ba ado ba ne, nan haƙoran kyamara ke kamawa su ja fim gaba. Na silima kuwa huji 4 ne a kowane gefen hoto, kuma hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Abin dariyar shi ne finafinanmu na Kano ba a kan irin wannan ziri suka taso ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka fara ɗaukar su. Amma duk da haka, da mutum ya hango zirin sai ya ce fim.

Yin sa ba wuya. Ni a wajen wani yaro mai shagon kwamfuta na koya, ina zaune kusa da shi yana haɗa min bangon littafi. A Photoshop, sai ka buɗe sabon shafi mai tsawo, ka zana baƙin ziri. Ka ɗauki burushi mai kusurwa huɗu, ka ƙara tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, ka danne maɓallin Shift ka ja layi a miƙe, sai hujin su jeru da kansu. Ka kwafe layin ka sauke shi ƙasa. Daga nan ka yanka hotunan su zama girma ɗaya, tsawo uku faɗi biyu, ka jera su a tsakiya, kowanne a fallensa daban don ka iya matsar da shi. In kana son zirin ya lanƙwasa kamar iska ta kaɗa shi, akwai Warp. Manhajar GIMP kuwa, wadda kyauta ce, tana da abin da ta kira Filmstrip: ka zaɓi hotuna kawai ta jera maka su, har da lambobin gefe.

To, mai karatu, ba nan gizo ke saƙar ba. Hoto guda ɗaya shiru yake yi. Amma da zarar ka jera uku a cikin zirin nan, ido zai karanta su daga hagu zuwa dama, ya ce wannan ne ya fara faruwa, sannan wannan, sannan wancan. Sa budurwa tana dariya, sa saurayi a mota, sa ta tana kuka: an yaudare ta. Juya su, kuka a farko dariya a ƙarshe: ta samu mai share mata hawaye. Hotunan ba su canza ba, jerin ne ya canza. Wannan ai shi ne aikinmu na marubuta, sanin abin da zai zo gaba da wanda zai biyo baya.

Shi ya sa abin yake ba ni tsoro. A unguwarmu an taɓa ɗaukar hoton wata yarinya na ranar bikin ƙawarta, aka jera shi da na wani saurayi da ko gaisawa ba su taɓa yi ba, aka ce wasa ne. Ba a rubuta ko kalma ɗaya a jiki ba. Hoton ya zaga har ya isa hannun dangin wanda ya kawo mata kuɗin gaisuwa, sai da manya suka yi ta safa da marwa kafin maganar auren ta tsaya da ƙafarta. Wanda ya haɗa ya rantse bai faɗi komai ba. Gaskiyarsa, bakinsa bai faɗa ba, zirin ne ya faɗa masa.

Saboda haka ni dai ga ƙa'idata. Ba na sa fuskar kowa a bangon littafina sai da izininsa, kuma sai na nuna masa wanda zai zauna kusa da shi a zirin. Sannan hoton ƙarshe ba ya tona ƙarshen labari, don mai saye ya samu dalilin buɗe littafin.

Ƙannena masu koyon wannan aiki, ku koya, sana'a ce mai kyau. Sai dai kafin ku buga, ku karanta jerin kamar yadda baƙo zai karanta shi. In ya faɗi abin da ba za ku iya faɗa a gaban mai hoton ba, ku warware shi. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. Mu haɗu a ci gaban labarinmu.