Kuɗin Kwanan Mota a Nasarawar Burkullu

Alhamis

Na sauka daga motar Gusau bayan la'asar, na nufi filin da na bar Golf ɗina tun ranar Lahadi. Filin na wani ɗan kasuwa ne, ya kewaye shi da bulo da tsohon kwano kusa da tasha, ya sa yaro yana gadi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mu masu ƙananan motoci muka koyi wannan dabara: ka taho daga Bukkuyum da motarka, ka ajiye ta nan bakin titi, ka shiga ta haya ta Anka, kuɗin kujera ɗaya bai kai man da za ka ƙona ba.

Yaron ya miƙo mini yagaggen shafin littafin makaranta da rubutun biro. Kwana huɗu, naira 8,000. Gadi, 4,000. Tara, 2,000, wai don na ce kwana ɗaya zan yi na zarce. Jimla 14,000. A da 500 nake biya kowane dare, kuma ranar Lahadi da na tambaye shi ko farashi ya sauya, cewa ya yi, "Sai ka dawo, Malam." Na leƙa motar, sai ga sarƙa an zura ta cikin ƙafar gaba an ɗaure a jikin turken ƙarfe, da ƙaton kwaɗo mai tsatsa. Har wani ya zana sunansa da yatsa a ƙurar gilashin baya.

Maigidan ba ya nan. Magariba ta gabato, kuma a wannan yanki babu mai hankalin da zai hau hanya bayan faɗuwar rana. Na kwana gidan wani aminina, malamin makaranta kamar ni. Allah ya sa hutu ake yi.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na sami mai filin zaune kan benci a ƙofar filin, yana jan carbi. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa, sannan na fito da takardar.

"Alhaji, wannan lissafin fa?"

"Malam, ka san nawa buhun siminti yanzu? Wagga katanga da kuɗɗi aka yi ta. Yaron ga abinci shika ci. Da dare sai na sallami 'yan sintiri, in ba haka ba da ka iske motarka ba batir."

Gaskiya ne, kuma ban musa ba. Wanda ya taɓa wayar gari ya ga an kwance masa batir ko an zuƙe masa mai ya san darajar katanga da mai gadi. Na ce masa ban zo neman kyauta ba, ƙarin farashi ma na yarda da shi, abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara a ɓoye, sai na dawo a faɗa mini. Sannan mene ne bambancin kuɗin kwana da kuɗin gadi, in ba gadin ba me na zo saye a filin? Ita kuwa tara, hukuma na sani da cin tara.

Ya ce filinsa ne, dokarsa ce. Ya ƙara da cewa daren jiya ma ya shiga lissafi, yanzu 16,000 ne. Wato shi ya ɗaure motar, ni zan biya kuɗin ɗaurin. Na ji zuciyata ta taso, na yi masa sallama na tafi kafin in faɗi abin da zai ɓata zancen.

Asabar

Da safe na je tasha wurin shugaban 'yan ƙungiyar direbobi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce filin ba ya ƙarƙashinsu, su nasu lodi ne da kamasho, amma ba ni ne na fara kawo wannan kuka ba. Masu babura sun fi kowa shan wahala ranar kasuwa: a karɓi kuɗi da safe, da yamma a ce an wuce lokaci.

Aminina ya fi ni sanin doka, shi ya tuna mini cewa kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su, kuma dokar soja ta 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta sa kuɗin tasha da tarar ajiye mota ba daidai ba a jerin na ƙaramar hukuma. Mai fili na kansa ba ya cikin wannan jeri. Abin da ke tsakanina da shi ciniki ne kawai, irin na mai shago da mai saye.

Da dare sabis ya ɗan samu, na tura wa ɗan yayana da ke karatu a Ingila hoton takardar. Ya yi dariya a saƙon murya, ya ce, "Kawu, ai nan sana'a ce ta manyan kamfanoni, da kyamara suke ɗaukar lambar mota, takarda ta biyo ka har gida." Ya ba ni labarin wani mai shagon soyayyen kifi, Barry Beavis, da ya ajiye mota a wani fili a garin Chelmsford inda aka ba da awa biyu kyauta. Ya zarce da kusan awa ɗaya, kamfanin ParkingEye ya ce ya biya fam 85. Ya ƙi, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, a 2015 aka ce ya biya. Babban abin da ya kayar da shi alluna ne: an kafa su manya a filin, kuɗin a rubuce ɓaro-ɓaro, duk wanda ya shiga ya gani ya yarda. Ɗaure mota kuwa a filin da ba na hukuma ba, tun 2012 doka ta hana shi a Ingila da Wales.

Na kwanta ina tunanin abin. Mutumin can ya faɗi ne saboda an rubuta. A filin Alhaji ko da gawayi ba a rubuta komai a bango ba.

Lahadi

Na kai maganar gaban limamin unguwar bayan sallar asuba, yana zaune kan buzu da ɗalibai biyu. Bai ɗauki lokaci ba. Ya ce wannan babin ijara ne, kuma ko yaron da ya karanta Risala ya san ijara tana son a ambaci lada a kuma yanke lokaci tun farko. In ba a ambata ba, aka riga aka ci amfanin, sai a koma ga ladan da aka saba biya a irin wannan aiki a garin. Don haka ba zan tafi ban biya ba, shi ma ba zai yanka abin da ya ga dama ba. Ya ce a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999 bai kamata irin wannan ta kai gaban alƙali ba, a je wurin mai unguwa.

Na yi yawo na tambayi wasu wurare biyu da ake ajiye motoci. Ɗaya 700, ɗaya 1,000.

Litinin

Zauren mai unguwa ya cika, don labari ya riga ya zaga. Alhaji ya zo da yaronsa, ni da aminina, shugaban tasha ma ya leƙo. Mai unguwa ya fara da yaron.

"Kai, tsakaninka da Allah, ka gaya wa Malam farashi ran da ya aje mota?"

Yaron ya dubi ubangidansa, ya dubi tabarma, ya ce bai faɗa ba. Na tausaya masa, don na san yau zai sha faɗa, kuma ba shi ya tsara lissafin ba.

Daga nan zance ya yi sauƙi. Alhaji ya sake kawo maganar siminti da 'yan sintiri, mai unguwa ya ce duk an ji, shi ya sa ba za a tsaya kan 500 ta da ba. Aka yanke 1,000 kowane dare na kwana huɗun da na yi da son raina. Kwanakin da motar ta yi a ɗaure ba su cikin lissafi. Kuɗin gadi yana cikin kuɗin kwana. Da aka zo kan tara, shugaban tasha ya ce, "Ranka shi daɗe, mu kanmu ba mu cin tarar mutum sai da takardar ƙungiya," aka bar ta nan. Sharaɗi na ƙarshe shi ya fi yi mini daɗi: Alhaji zai kafa allo a ƙofa, farashin mota da na babur, na yini da na kwana.

Na biya 4,000 a gaban kowa, na nemi rasit. Alhaji ya ce rasit kuma na mene ne, ga shaidu cike da zaure. Mai unguwa ya ce a rubuta. Muka yi musabaha da Alhaji, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Talata

Makullin kwaɗon ya ɓata, sai da aka kira mai walda ya yanke sarƙar, Alhaji ya biya shi. Mota ta tashi a bugu na biyu. Allon bai hau ba tukuna, amma na ga katakon a jingine, an shafa masa baƙin fenti yana shanya.

Filaye irin wannan suna ƙaruwa a Nasarawa da Anka da Gummi, kuma muna bukatarsu. Ina roƙon ƙaramar hukumar Bukkuyum da sarakunanmu su wajabta wa duk mai karɓar kuɗin ajiyar mota ko babur ya rubuta farashinsa a ƙofa da Hausa, boko da ajami, ya kuma riƙa ba da rasit.