Takardar da Ta Fi Shekarunta Haske

Masu tara kayan tsoffin sojoji irina sun san cewa lambar yabo ita kaɗai ba ta magana. Tauraron da Ingila ta raba wa waɗanda suka yi yaƙin Bama, ciki har da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ba a buga sunan kowa a bayansa ba. Takardar sallama ko littafin albashin soja ne ke nuna na wane ne. Don haka takarda ce ke ɗaga farashi, ita kuma 'yan damfara suka fi ƙirƙira.

Duk lokacin da aka miƙo mini irin wannan takarda, labarin Konrad Kujau nake tunawa. Dillalin kayan sojan Nazi ne a Stuttgart ta Jamus. Ya zauna ya rubuta littattafai kusan 60 da hannunsa, ya ce kundin sirrin Hitler ne da aka tsinta a jirgin da ya faɗi a 1945. Mujallar Stern ta biya Mak miliyan 9.3, ta shelanta wa duniya a watan Afrilun 1983. Har masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya fara gaskatawa kafin ya ja da baya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda masana rubutun hannu suka faɗa rami. An ba su wasu takardu a matsayin rubutun Hitler na gaskiya don su gwada, ashe daga cikinsu akwai waɗanda Kujau ɗin ne ya rubuta tun da farko. Suka gwada ƙarya da ƙarya, suka ce sun yi daidai. Ai kuwa sun yi daidai, hannu ɗaya ne.

Takardar kanta ce ta tona asiri. Cikin mako biyu hukumar adana kayan tarihi ta Jamus ta gano sinadarin ƙara wa takarda fari wanda ba a fara sakawa ba sai bayan yaƙi, da zaren roba a ɗinkin littattafan. Shayi ya zuba musu don su yi kama da tsoffi. Haruffan da ya manna a bango ma FH ne, ba AH ba, ya ruɗe da tsohon salon rubutun Jamusawa. Abin da ke ciki kuwa, yawancinsa daga littafin Max Domarus na jawaban Hitler ya kwafo, har da kurakuran littafin. A 1985 aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu da rabi.

Shi ya sa ba na fara karanta takarda sai na haska ta da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi. Takardar zamanin yaƙi ba ta ƙyalli. In ta yi shuɗin haske, sai na yi taka-tsantsan. Sa hannu da biro a takardar 1943 ma abin tuhuma ne, don biro bai yaɗu ba sai bayan yaƙi. Daga nan sai kwanan wata: runduna ta 82 ba ta bar Afirka ba sai 1944, wanda duk ya ajiye ta a Bama kafin nan ya yi kwaɓa.

Akwai kuma wadda ba ta buƙatar fitila. Takardar soja ta gaskiya ba ta da daɗin karatu: lamba, muƙami, allurar rigakafi, kuɗin da aka yanke. In na ga takarda ta zo da jarumtaka da hawaye da sunan babban janar duk a shafi ɗaya, daidai abin da zuciyata ke so, a nan nake mayar da kuɗina aljihu in tambayi mai ita a hannun wa ya same ta.