Daga Takardar Hannun Jari Zuwa Allon Waya

Hausawan Agege sun saba da jira. Goro da jirgin ƙasa ne suka zaunar da kakanninmu a Zango: a saya wajen manoman Yarabawa, a ɗaure huhu, a loda a tasha, sannan a zuba ido makonni kafin kuɗi su dawo daga Kano. Da wannan hali na shiga hannun jari a 2005, bayan Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Fom ɗin saye har teburin 'yan canji yake zuwa, har wajen mahautan Oko-Oba. Ka cika, ka biya, ka jira watanni kafin takardar shaida ta iso. Da tawa ta zo, Baba ya jujjuya ta ya ce, "Wato yanzu kana da ƙofa guda a gidan nan ke nan?" Na ce, "Haka ne, Baba."

A Maris na 2008 ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo kuma ya zubar da fiye da kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari sun ɗanɗana kuɗarsu. Mu da muka saya da guminmu mun rame, amma takarda tana nan, kuma bayan wasu shekaru 'yar ribar ƙarshen shekara ta ci gaba da shigowa.

Cinikin farashin gaba, wanda samari ke kira fiyucas, ban same shi wajen dillali ba. Kasuwar Legas, wato NGX, ta buɗe nata a Afrilun 2022, amma wanda ya shigo unguwarmu na kirifto ne, ta waya, tun kafin nan. A nan ba ka mallaki komai ba. Kafin alƙalami kake ajiyewa, a ninka maka shi sau ashirin ko fiye, ka ce farashi zai hau ko zai sauka. In ka ɗauki ninki ashirin, farashi ya saɓa maka da kashi 5 cikin ɗari, an share kuɗinka, ko da hasashenka zai tabbata bayan awa guda. Haƙurin da na gada ba shi da wurin zama a wannan ciniki. Kasuwar Legas tana tashi da rana, Asabar da Lahadi a rufe take. Wannan kuwa ba ta san dare ba, ba ta san Juma'a ba. Na ci riba, na yi asara, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda zuciyata kan koma aljihu ina cikin sahu.

Na kai maganar ga malaminmu bayan Isha'i. Ya ce Musulunci ya san sayen abin da bai zo ba, shi ne salam: ka biya manomi kuɗi lakadan, a ƙayyade mudu da rana, ya kawo hatsi. Sai ya tambaye ni, "Kai a naka, wa ya biya duka, wa kuma zai kawo kaya?" Babu ko ɗaya. A makon nan na rufe asusun, na mayar da abin da ya rage cikin hannun jarin siminti da sukari.