Baƙon da ke cikin kwamfuta

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwar Liman Abaji mun koma rubuta kaya da bashi a kwamfuta. Sai dai manhajar da hannunmu ya saba da ita tsohuwa ce, a kan Windows 7 take tafiya, shi kuwa kamfanin Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020. Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa su suka kawo dabara: su sa VirtualBox, su gina wata kwamfutar a cikin sabuwar, tsohuwar manhaja ta zauna can. Ta ciki suna ce mata baƙo, ta waje mai masauki. Mu da kakanninmu suka yi fatauci, wannan suna ba ya buƙatar fassara.

Rigimar tana tashi ne ranar da mai masauki yake da intanet, baƙo babu. Nan take sai mu ce sabis ne, mu sake loda data, alhali tun 2025 da aka amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data, abin ba wasa ba ne. In bai gyaru ba, sai zargi ya koma kan yaron da ya haɗa: ya ɓata, ko yana so a sake kiransa a biya shi. Wannan zaton shi ya fi damunmu, don mun ga ya shiga tsakanin maƙwabta da ke sahu ɗaya a masallaci.

To, a fara da mai masauki. In shi ma ba ya buɗe komai, waya ma haka, laifin na waje ne, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta yi tsit. Ranar ba yaron da zai iya komai.

In mai masauki lafiya lau, sai a duba yadda aka sauki baƙon. Hanya biyu ce. A tsarin NAT, baƙo yana ɗakin soro ne, duk saƙonsa ta hannun maigida yake fita, lambarsa kan zama 10.0.2.15. Zai shiga intanet, amma wata kwamfutar gidan ba za ta iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Shi ya sa ɗanka ba ya ganin littafin bashi daga tasa kwamfutar, ba wai an ɓoye masa ba ne. A tsarin gada kuwa, wanda aka rubuta Bridged, rauta ce ke ba baƙo lambar kansa, mai farawa da 192.168, kamar kowa a gidan. Nan ne aka fi yin tuntuɓe: a ɗaura gadar kan ramin kebul, alhali gidan da wayfai yake aiki. Baƙo ya tsaya a ƙofar da ba kowa ke bi ba. Alamarsa, za ka ga lamba mai farawa da 169.254, ma'ana ya nemi lamba ba wanda ya amsa masa.

Akwai kuma wanda wuta ke jawowa. An ɗauke, an kawo, rauta ta tashi ta sake rabon lambobi, firintar rasit da jiya take wannan lamba yau ta koma wata. A sa yaro ya kafe mata lamba ɗaya a cikin rauta, a huta.

In baƙo yana amsa gwajin 8.8.8.8 amma shafuka ba sa buɗewa, hanya na nan, mai fassara sunaye zuwa lamba ne ya tsaya, gyaran minti biyu ne.

Mu dai a shagonmu mun bar baƙon a soro. Windows 7 ba shi da mai gadi yanzu, kuma sunayen masu bashi amana ne a hannunmu. Wanda ke son ganin lissafi, ya zo ya zauna gaban kwamfutar bayan La'asar.