Kirsimeti a Ɗakin Karatun Wani Ƙauyen Jajaye

Yau labarin tafiya na kawo muku, kuma ba Dubai ba ce ko Makka, nan ne Jajaye cikin ƙaramar hukumar Rogo, inda gwaggona take aure.

Ranar Litinin 23 ga Disamban 2024 na hau mota a Kabuga. Muka ɗauki titin Gwarzo, muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, hazo ya rufe gari har ba ka hango abin da ke gabanka sosai. A Karaye muka tsaya shan mai, masu tallan kifi suka yanyame motar, don kin san nan ne dam ɗin Challawa yake, wanda aka gama a 1992. Daga nan har Rogo ba abin da ido yake gani sai karan dawa da aka girbe da tulin rake a bakin hanya. Can yamma ta ƙasar Kano ke nan, ƙasar Katsina da ta Kaduna duk ga su kusa. Ragowar tafiyar a babur na ƙarasa ta, na sauka gidan gwaggo fari fat kamar an tono ni daga rami.

Washegari da sassafe, ina ƙudundune cikin bargo, sai na ga autar gwaggo, 'yar shekara goma sha biyar, ta ɗauki tsintsiya da basilla da ƙullin zare za ta fita.

"Ke, ina zuwa cikin wannan sanyin?"

"Laburare za mu, Yaya. Gobe Kirsimeti."

Wallahi dariya ce ta kama ni. Laburare a nan? Kuma me ya haɗa 'yar gidan malamai da Kirsimeti? Gwaggo da ke gindin murhu ta harare ni ta ce, "Ku 'yan birni kun faye tsirfa. Mutanen unguwar can kakanninmu ɗaya da su. Da Sallah mu kai musu tuwo da nama, da Kirsimeti su kawo mana shinkafa. Bi ta ki gani da idonki."

Na zura hijabi na bi ta, ba don raina ya gama kwanciya ba.

Unguwar 'yar tafiya ce ta cikin gonaki. Mutanenta Hausawa ne tsantsa, jikokin Maguzawa waɗanda suka karɓi addinin Kirista, irinsu kuwa suna da dama a ƙasar Karaye da Rogo. Hausarsu ta fi tawa gishiri, in gaya miki gaskiya. A gefen cocinsu akwai wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano, bai fi ɗakin amarya girma ba. To shi ne laburaren. Mai shi wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, kowa Baba Malam yake ce masa. Littattafansa ne na kansa ya fara zubawa a ciki, daga baya ɗalibansa da suka tafi birni suka riƙa ƙarowa. Yanzu idonsa ya yi rauni, sai 'yan mata da samari na sakandare suke riƙe da ɗakin, ba wanda yake biyan su ko kwabo.

Na tarar da su sun kai goma sha biyu, wasu da hijabi, wasu da ɗankwali, sun fito da komai waje sun baje kan tabarmi. A nan na san cewa babban maƙiyin littafi a ƙauye gara ce. Ta bango take hawowa ta shiga bayan kanta, kafin a farga ta cinye tsakiyar littafi ta bar bangon lafiya lau, sai kin buɗe ki ga ƙasa tana zuba. Damina kuma ta bar nata sanyin a takarda. Shi ya sa suka zaɓi hunturu don wannan aiki, ga hutun makaranta ga iska busasshiya. Su kankare hanyar gara, su barbaɗa toka a gindin bango, su janye katakon kanta nesa da ginin, su cusa busasshen ganyen darbejiya tsakanin littattafai. Wanda ya ɓalle a huda shi da basilla a ɗinke, a yi masa sabuwar riga da tsohuwar kalanda, a liƙe da ƙaro. Ni da na zo kallo sai ga ni zaune da allura, har na soke yatsa sau biyu, wata ƙaramar yarinya tana ce mini, "Anti, kawo na nuna miki."

Littattafan ba su da wani yawa, kanta uku ce kacal. Akwai na makaranta, lissafi da Turanci da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da aka sha hannu har suka yi baƙi. Akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda gara ta cinye masa farko. Akwai wani tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa da Baba Malam yake ji da shi, ya ce mini tun 1932 aka buga shi cikakke da harshenmu, kuma da irinsa uwarsa ta koyi haɗa baƙi. Sai kanta ta ƙasa, wadda ta fi kowacce tsufa da yagewa: littattafanmu na soyayya, irin waɗanda muka riƙa haya muna ɓoyewa cikin littafin darasi.

Na ce, "Baba, har da waɗannan? Ba ka tsoron surutun iyaye?" Don na tuna a 2007 har ƙona irinsu aka yi a Kano, wai suna ɓata tarbiyyar 'yan mata.

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, duk wanda ya shigo ɗakin nan sai an karanta mini shi tukuna. Na banza ina kai shi murhu. Amma yarinyar da ta gama littafi guda don son jin ƙarshen labari, gobe ba za ta ji tsoron takardar asibiti ba." Ban ce komai ba, don ni kaina ta wannan ƙofar na shiga karatu.

Ranar Laraba, ranar Kirsimetin, 'yan uwanmu Kirista suka tafi sujada da safe cikin sababbin atamfofi. Muna jiyo 'yan Zumuntar Mata suna waƙa da Hausa suna kaɗa tulu. Mu kuma Musulmin ciki muka tsaya muka mayar da littattafai kan kanta, muka share, muka yayyafa ruwa. Da azahar ta yi wata tsohuwa ta kawo mana buta da tabarma bayan ɗakin ba tare da mun tambaya ba. Kajin bikin ma wani maƙwabcinsu Musulmi suka kira ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Bishiyar Kirsimetin kuwa, kada ki so ki gani: reshen darbejiya ne aka kafa cikin gwangwanin yashi, aka rataya masa alawa da balan-balan. Yara suka zagaye shi kamar ƙudaje.

Sai da rana ta yi sanyi na gane dalilin da ya sa bikin ya haɗu da ɗakin karatu. Wannan ce ranar da duk wanda ya tafi Kano ko Zariya ko Kaduna yake dawowa gida, don haka ita ce ranar mayar da aro. Autar gwaggo ta zauna da rajista tana kiran suna. Wanda ya dawo da littafi a tafa masa, wanda ya zo hannu rabbana a yi masa ihu har sai ya yi alkawarin sabo. Wani ɗan kwalisa da ya zo daga Kaduna da ƙaton tabarau ya sha kunya, ya rantse ɓera ne ya ci nasa.

Can aka kira wani suna, ɗakin ya yi tsit. Aron shekara biyu ke nan. Mai shi tana aji uku na ƙaramar sakandare aka cire ta aka yi mata aure wani ƙauye wajen Zarewa, 'yan matan har sun fid da rai. Sai muka ji sallama daga bakin ƙofa. Ga ta nan da goyo, lulluɓe da mayafi, ashe tun safe ta taso da izinin maigidanta wai za ta gaida iyaye. Ta kwance bakin zani ta fito da littafin a naɗe cikin leda. Wa Zai Auri Jahila? ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin yarinyar da aka raba da makaranta, daga baya ta koma ta nemi ilimi da kanta. Bangon ya tafi, gefen takardun ya sha manja. Ta ce a gafarce ta, matan gidansu ne suka hana ta dawo da shi, kullum bayan isha sai sun sa ta karanta musu, sun ji shi ya fi sau biyar.

Nan gardama ta tashi a kan tara. Masu tsauri suka ce doka doka ce, kowa ma sai ya riƙe littafi shekara biyu. Ni dai na ga idon yarinyar ya ciko, na tabbata ko kuɗin motar komawa da ƙyar ta haɗa. Baba Malam ya buga sandarsa a ƙasa ya ce tararta ita ce ta karanta wa jama'a shafi biyu, a tsaye, da ƙarfi.

Na karɓi goyon. Da farko muryarta rawa take yi, tana cin tuntuɓe, daga baya ta miƙe sumul, har masu cin shinkafa suka ajiye cokali. Da ta kai ƙarshe yara suka ce a ƙara, ta ƙara shafi guda.

Da za ta tafi ta tsaya gaban kanta ta sama, ba ta ƙasa ba. Ta zaro littafin Turanci na aji ɗaya na babbar sakandare, ta juya shi, ta dubi autar gwaggo ta ce, "Rubuta mini wannan. Amma ki sani, sai baɗi war haka."

Auta ta rubuta, ta tura mata biro ta sa hannu.