Yadda Muka Ƙwato Labarin Ƙanwarmu

Mu shida ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a zauren wani dattijo a nan Karewa: malaman makaranta biyu, da tela, da mai shagon cajin waya, da mata biyu masu rubuta labarai. Kowa ya zo da abin da ya rubuta, a karanta, a yi gyara, a sha shayi a watse.

Bara da damina sai ƙaramarmu, wadda duk muke ce wa ƙanwa, ta shigo idanunta jawur. Wata takwas ta yi tana rubuta wani labari, tana sakin sa kashi-kashi a WhatsApp, mai son ci gaba ya biya abin da ya sawwaƙa. Da wannan kuɗi take biya wa 'ya'yanta biyu makaranta tun rasuwar mijinta. Kwatsam wata ƙawarta ta aiko mata daga Kano cewa ga labarinta can ana karantawa a YouTube, an canza masa suna, an cire sunanta an sa na wani. Masu biya suka ja baya, tunda ga shi can a kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin kunya, maganar farko da muka yi mata ita ce, "Ai ba ki yi rajista ba." Duk mun ɗauka sai ka je Abuja ka biya kuɗi kafin rubutunka ya zama naka. Wani lauya ɗan unguwar nan ne ya warware mana. Ya ce a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, da zarar ka rubuta abu na ƙashin kanka, ko ka naɗe shi a waya, to ya zama naka, ba sai ka biya ko sisi ba. Haka yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanada, kuma Najeriya ta shiga cikinta a 1993. Haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci, da shekara 70 bayan mutuwarsa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana yin rajista ga mai so ya biya, amma ba dole ba ne. Sai ya dube ta ya ce, "Hajiya, haƙƙi kam kina da shi. Hujja za a tambaye ki."

Nan ne mai zauren ya shiga cikin gida ya fito da wata tsohuwar gafaka da mahaifinsa ya taho da ita daga Katsina. Ya zaro wata waƙar ajami, ya nuna mana baitocin ƙarshe. Ga sunan mai waƙar a saƙe cikin baiti, ga kuma ramzi, wato haruffan da in ka haɗa lissafinsu za su ba ka shekarar Hijira da aka gama ta. Ya ce, "Yarana, magabata ba su da hukuma, amma wanda zai sace wannan sai ya ɓata ƙafiya da karin waƙar."

Washegari muka zauna tattara hujja. Ga littattafan rubutu uku da hannunta, har da inda ta soke ta sake. Ga saƙonnin WhatsApp, kowanne da kwanan watansa, wata shida kafin a ɗora na satar. Ga mu biyar da aka karanta babin farko a gabanmu. YouTube na da fom na kai ƙarar satar fasaha, kyauta ne, muka cike. Ba a daɗe ba aka sauke labarin.

Tun daga nan muka ɗaura wa kanmu ƙa'ida. Ba ma yar da daftari, komai ƙazantarsa. Duk babin da aka gama, sai mai shi ya aika wa kansa ta imel kafin kowa ya gani, don kwanan wata ya zauna. Suna kuma ba a bango kaɗai muke sa shi ba, har tsakiyar labari, inda cire shi zai yi wuya. Wanda zai karanta aikinmu a rediyo ko intanet, sai mun yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu biyu. Kuma mun daina baza labarin da ba mu rubuta ba tukuna a bakin shayi, don lauya ya ce doka ba ta kare tunanin da ke cikin kai, sai abin da aka zuba a takarda ko aka naɗa.

Ba mu ce an gama da ɓarayi ba fa. Har yau kwafin labarin na yawo a wayoyi, kuma wasu masu biyan ba su dawo ba. Mu kanmu da muka duba wayoyinmu, kowa ya tarar da littattafan mutane da aka turo masa shi ma ya tura gaba, bai taɓa tambayar mai su ba. Mai shagon cajinmu ya yi shiru, don shi ma yana tura wa yara waƙoƙi a wurinsa. Ranar muka goge abin da ba namu ba.

Don haka 'yan'uwa, daga Karewa har Jambutu da Doubeli, in an turo muku labari, ku duba sunan mai shi kafin ku tura. Wataƙila kuɗin makarantar marayu ne. Allah ya tsare mana guminmu, ya tsare mu daga cin na wani.