Amfanin Wasa Tare a Cikin Gida

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Wannan gaskiya ne, amma akwai zumuntar da ba ta bukatar tafiya ko nan da can, wato ta mutanen da ke kwana gida ɗaya. Sau da yawa za ka tarar da miji da mata da 'ya'ya suna cin tuwon tukunya ɗaya, amma babu wanda ya san abin da ke damun ɗan'uwansa. A ganina babban maganin wannan shi ne wasa da hira tare.

Gidanmu iyayenmu mata biyu ne, mu 'ya'ya 11, ni ne kuwa ɗan fari. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin iyaye da ɗan fari. Tun tasowata maganata da Baba ba ta wuce gaisuwa da aike, sai da ya koya mini dara. Akan haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowa na da 'ya'ya 12, shi tsakuwa, ni guntayen kara. Wanda ya jera uku a layi ɗaya sai ya ci ɗan abokin wasansa guda. Da yake idon kowa na kan gurbi, ba a kan fuskar wani ba, sai baki ya buɗe. A nan ne Baba ya fara tambayata abin da nake so in zama, ya kuma ba ni labarin wahalar da ya sha yana yaro.

A cikin gida kuwa, bayan sallar lisha akan shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku," yara su amsa, a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi. Iyayenmu mata kuma su ɗauko ludo, wani lokaci har Baba ya zauna a yi da shi. Ludo ba ya sanin uwargida balle amarya, kowa sai ya sami shida kafin ɗansa ya fito. Na sha ganin an wuni ana ɗaure fuska, da dare dariya ta wanke kome. Mu ma da muka tashi bisa tabarma ɗaya, 'yan ubanci bai sami wurin zama a tsakaninmu ba.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne waya. A nan makaranta an hana mu riƙe ta, don haka da yamma sai ƙwallo da langa, kowa ya san kowa. Amma duk hutun da na koma gida sai in ga masu zama a tabarmar nan sun ragu. Kowa ya shige ɗaki ya sunkuya a kan wayarsa, yana dariya da mutanen nesa, na kusa kuwa ko oho.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su ware ko da sa'a ɗaya ce kullum su zauna da iyalinsu, ba don faɗa ko lissafin cefane ba. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in mun tafi hutu mu ne za mu fara ɗauko tabarmar. Allah ya ƙara mana zumunci, amin.